Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsara Bayanan Gwajin Kimiyya, Nazarinsu da Zana Giraf

An tattaro waɗannan tambayoyi daga abin da ɗaliban babbar sakandare masu shirin firaktikal na WAEC da NECO, da 'yan shekarar farko a jami'a, da malaman kimiyya suke yawan tambaya. Misalin da za a fi komawa gare shi shi ne gwajin lilo: a ɗaura ɗan dunƙulen ƙarfe a zare, a kaɗa shi, a auna lokacin da yake ɗauka yana kai da kawowa. An zaɓe shi ne domin kusan duk wata matsalar jadawali da giraf tana fitowa a cikinsa.

Daga ina ake fara tsara bayanan gwaji?

Tun kafin a taɓa kayan aiki. Ka zauna da takarda ka ware abubuwa uku: abin da kai kake canzawa da hannunka, abin da kake aunawa don ganin yadda canjin ya shafe shi, da abubuwan da dole su tsaya yadda suke daga farko har ƙarshe. A gwajin lilo, tsawon zare ne kake canzawa, lokaci kake aunawa, dunƙulen ƙarfen kuma da faɗin kaɗawar (kada ta wuce digiri 10) su ne tsayayyu. A gwajin takin masara, yawan taki kake canzawa, tsayin shuka kake aunawa, irin ƙasa da yawan ruwa da girman tukunya su ne tsayayyu.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya ƙara taki kuma ya ƙara ruwa, idan masara ta yi kyau ba shi da hanyar sanin wanne ya yi aikin. Da ka gama wannan warewa, ka zana jadawalinka babu komai a ciki, sannan ka fara awo. Lambobin da aka rubuta a gefen takarda ko a tafin hannu da nufin a kwafe daga baya su ne suka fi ɓacewa ko cuɗewa.

Yaya jadawali mai kyau yake?

Layin farko daga hagu na abin da kake canzawa ne, a jere daga ƙarami zuwa babba. Daga nan sai awon da ka karanta kai tsaye daga kayan aiki, kowane maimaici da nasa gurbin, sannan matsakaici, sannan abubuwan da aka lissafo. A gwajin lilo kan jadawalin zai kasance haka: L/cm, t₁/s, t₂/s, matsakaicin t/s, T/s, T²/s². L tsawon zare ne, t lokacin kai-da-kawo 20, T kuma lokacin kai-da-kawo ɗaya. Ma'auni a kan jadawali ake rubuta shi sau ɗaya. Cikin gurabun lamba ce zalla. Jadawali ɗaya ake so, wanda ya haɗa komai, maimakon guntaye a shafuka daban-daban.

Ga misalin lambobin da za mu yi ta amfani da su. Tsawon zare 40.0, 60.0, 80.0, 100.0 da 120.0 cm. Matsakaicin lokacin kai-da-kawo 20: sakan 25.4, 31.1, 35.9, 40.2 da 44.0. Idan aka raba kowanne da 20 aka sami T, sannan aka ninka T da kansa, za a sami T² kamar haka: 1.61, 2.42, 3.22, 4.04 da 4.84.

Rubuta ma'auni ba ƙaramin abu ba ne. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja ta fitar da lambobi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma ya ɗauke su a matsayin niwton. Lambobin daidai suke, ma'aunin ne bai zo ɗaya ba.

Lambobi nawa zan rubuta bayan ɗigo?

Kayan aikin ne ke yanke wannan hukunci. Rular mita tana karanta har 0.1 cm, don haka 40.0 za ka rubuta, ba 40 ba, ba kuma 40.00 ba. Kalifa ta Vernier da aka saba gani a makarantu tana kaiwa 0.01 cm, maikuromita kuma 0.01 mm. Buret, bututun gilashi mai awo da ake ɗigo ruwan sinadari da shi, ana karanta ta da lamba biyu bayan ɗigo, ta ƙarshen 0 ko 5, kamar 24.50 ko 24.55 cm³. Sifilin da ke ƙarshe yana da ma'ana: yana shaida cewa ka duba wannan gurbin ka tarar da sifili. Kuma duk lambobin da ke layi ɗaya a jadawali su zo da yawan gurabu iri ɗaya, kada a ga 25.4 a sama sannan 44 a ƙasa.

Ga abin da aka lissafo, kada amsa ta fi awon da ta fito daga gare shi yawan lambobi masu ma'ana. Kalkuleta za ta ce 1.555 sau 1.555 shi ne 2.418025, amma lokacin da ka auna lambobi uku ne kawai, 31.1, saboda haka 2.42 ya wadatar. Sai dai kada ka gutsure lamba a tsakiyar lissafi mai matakai da yawa. Ka bar ta cikakkiya a kalkuleta, ka gutsure a ƙarshe.

Sau nawa ya kamata a maimaita awo?

Aƙalla sau biyu a jarrabawa inda lokaci ya yi ƙaranci, sau uku ko fiye a aikin da ba a gaggawa. Sannan a samu matakai biyar zuwa shida na abin da ake canzawa, domin ɗigo uku ba sa nuna ko layi miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe. Dalilin ƙirga kai-da-kawo 20 maimakon ɗaya lissafi ne mai sauƙi: yatsan mutum kan makara da kusan sakan 0.2 wajen danna agogo. A kan sakan 1.27 wannan kuskuren ya kai kashi 16 cikin ɗari. A kan sakan 25.4 bai kai kashi 1 ba. A taitireshan kuwa, wato ɗigo ruwan sinadari daga buret cikin wani har launi ya juya, zubin farko na gwaji ne don a san inda launi ke juyawa. Matsakaici ana ɗaukar sa ne daga zubin da suka yi kusa da juna sosai, waɗanda bambancinsu bai wuce 0.10 zuwa 0.20 cm³ ba.

A gwajin tsirrai da dabbobi akwai tarko. Auna ganye goma na shuka ɗaya bai zama maimaici goma ba. Shuka ɗaya ce aka auna sau goma. Maimaici na gaskiya shi ne tukwane biyar ko fiye ga kowane matakin taki. Kuma a yi ƙuri'a wajen zaɓen tukunyar da za ta sami wane taki da inda za a ajiye ta. Idan duk masu taki suna bakin taga, marasa taki suna lungu, hasken rana aka gwada tare da takin ba tare da an sani ba. Ronald Fisher ne ya kafa wannan ƙa'ida ta ƙuri'a a shekarun 1920, lokacin yana aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila.

Na maimaita sau uku lamba ɗaya na samu. Ke nan awona daidai ne?

Ba lallai ba ne. Kuskure iri biyu ne. Akwai wanda ke kai awo sama yau, ƙasa gobe, kamar makarar yatsa a agogo ko iskar fanka da ke taɓa lilo. Maimaici da matsakaici suna rage shi. Akwai kuma wanda kullum gefe ɗaya yake ja. Mudun da gindinsa ya lotsa, ko sau ɗari aka auna da shi awo ɗaya zai bayar, kuma duk ɗarin a tauye suke. Irin wannan maimaici ba ya maganinsa.

Inda ya fi fitowa: ma'aunin nauyi ko amita da allurarsa ba ta kan sifili kafin a fara, rular da bakinta ya cinye, kallon buret daga sama ko ƙasa maimakon ido ya daidaita da ƙasan lanƙwasar ruwan, da auna zaren lilo zuwa saman dunƙule maimakon tsakiyarsa. Ka duba sifilin kowane kayan aiki kafin ka fara, ka rubuta abin da ka gani, ka cire shi daga kowane awo. Giraf ma yakan tona asirin irin wannan kuskure. Duba amsar da ke kan gangara da mahaɗa.

Matsakaici zan ɗauka ko lambar tsakiya?

Idan lambobin sun taru wuri ɗaya, matsakaici: a tara su a raba da yawansu. Idan ɗaya ta yi nisa da sauran, lambar tsakiya ta fi faɗin gaskiya. Tsayin shuka biyar 12, 13, 13, 14 da 28 cm yana ba da matsakaici 16, alhali huɗu daga cikin biyar ba su kai 16 ba. Lambar tsakiya, bayan an jera su, 13 ce. Ka faɗi wanda ka yi amfani da shi a rahotonka.

Me ya sa malamai ke cewa matsakaici kaɗai bai isa ba?

Domin ba ya nuna yadda lambobin suka warwatsu. Rukunin 11, 12, 13, 14, 15 da rukunin 5, 9, 13, 17, 21 duka matsakaicinsu 13 ne, amma na biyun bai kai na farko abin dogaro ba. Hanya mafi sauƙi ita ce tazara, wato babba a cire ƙarami: 4 a na farko, 16 a na biyu. A matakin sakandare rabin tazara ya isa a matsayin shakkun awo, sai a rubuta 13 ± 2.

A jami'a za a nemi ma'aunin warwatsuwa da ake yi wa alama da s. Matakansa: ka cire matsakaici daga kowace lamba (−2, −1, 0, 1, 2), ka ninka kowanne da kansa (4, 1, 0, 1, 4), ka tara (10), ka raba da yawan lambobin ban da ɗaya (10 ÷ 4 = 2.5), ka ɗauki tushen murabba'i. Ka sami 1.58. Na rukuni na biyu 6.32 ne. Idan kuma ka raba s da tushen murabba'in yawan lambobin, 1.58 ÷ √5 = 0.71, ka sami shakkun matsakaicin kansa. Su biyun ba abu ɗaya suke faɗi ba: s na nuna bambancin da ke tsakanin shuke-shuken, na biyun na nuna yadda za a iya dogara da matsakaicin, kuma yana raguwa idan aka ƙara maimaici.

Lamba ɗaya ta fita daban da sauran. In goge ta?

A'a. Ba a goge awo, ba a shafe shi da farin ruwa. Idan kayan aikin na nan a harhaɗe, ka sake auna wannan matakin nan take. A gwajin lilo sau da yawa za ka tarar an ƙirga 19 ko 21 maimakon 20. Idan bambancin ya yi daidai da T guda ɗaya, ka kama ɓarawon. Wani lokaci kuma lambobi ne suka juya wajen rubutu, 53.9 a madadin 35.9. Ka ja layi ɗaya siriri a kan tsohuwar lambar yadda za a iya karanta ta, ka rubuta sabuwar a gefe, ka ƙara dalili a taƙaice.

Idan ba ka gano dalili ba, lambar tana nan a jadawali kuma tana nan a giraf. Kana iya kewaye ta, ka ƙi la'akari da ita wajen jan layi, amma ka faɗi hakan a fili. Shukar nan mai 28 cm tana iya zama wadda ruwan indararo ke zuba a tukunyarta, tana kuma iya zama wani iri ne ya cuɗu. Kowanne abu ne da ya kamata a sani, kuma gogewa tana binne shi.

Wane irin giraf ya dace da bayanaina?

Ka dubi abin da ka canza. Idan rukuni ne masu suna, kamar takin kaji, takin shanu, takin zamani da marar taki, giraf na sanduna ake yi, da tazara tsakanin sandunan. Idan duka biyun lambobi ne masu ci gaba, kamar tsawo da lokaci ko bolt da amfiya, ɗigogi ake sawa a ja layi mafi dacewa. Wannan shi ne giraf na kusan duk firaktikal na fiziks. Idan kana bin abu ɗaya cikin kwanaki, kamar ruwan saman kowane wata ko zafin majinyaci kowace awa, ana iya haɗa ɗigo da ɗigo. Idan awo iri ɗaya ne masu yawa, misali nauyin ƙwayar gyaɗa ɗari, kuma kana son ganin inda suka fi taruwa, sai a kasa su aji-aji a yi sanduna manne da juna.

Faifan da ake yankawa kashi-kashi ba ya aiki sai idan kason sun haɗu sun cika ɗari bisa ɗari, kamar iskar da muke shaƙa: naitirojin kusan 78, iskar oksijin kusan 21, sauran 1. Ido bai iya kwatanta kusurwoyi kamar yadda yake kwatanta tsayin sanduna ba, saboda haka idan kason sun haura biyar ka koma sanduna.

Wanne ke kwance, wanne ke tsaye?

Abin da ka canza a layin kwance, abin da ka auna a layin tsaye. A jarrabawa kuwa umarnin takarda ake bi ko da ya saɓa wa wannan: idan an ce T² a tsaye, L a kwance, haka za a yi. Juya su yana juya gangara, duk lissafin da ya biyo baya ya lalace. Kowane layi a rubuta masa suna da ma'auni kamar yadda suke a kan jadawali, giraf ɗin kuma a ba shi take.

Yaya ake zaɓen sikeli? Nan ne nake yawan rasa maki.

Sharuɗɗa biyu ne. Ɗigogin su mamaye aƙalla rabin takardar ta kowane gefe, kuma sikelin ya zama mai sauƙin karantawa. Babban gida ɗaya, wanda a takardar da aka saba 2 cm ne mai ƙananan gidaje goma, ya wakilci 1, 2, 5 ko 10, ko ninkinsu kamar 0.5, 20 da 50. Ka guji 3, 7 da 9. Idan babban gida 3 ne, ƙaramin gida 0.3 ke nan, kuma neman inda 4.04 zai zauna ya zama lissafi mai cin lokaci da jawo kuskure.

Yadda ake yi: ka ƙirga manyan gidajen da kake da su, ka raba babbar lambarka da yawansu, ka haura zuwa lamba mai sauƙi ta gaba. A misalinmu T² ya tsaya a 4.84. Idan gidaje 12 ne a tsaye, 4.84 ÷ 12 kusan 0.4 ne, sai a haura zuwa 0.5. Yanzu ƙaramin gida 0.05 ne, ɗigon 2.42 kuma yana bayan manyan gidaje huɗu da ƙanana takwas da ɗan ɗoriya. A kwance, babban gida ya wakilci 20 cm, gidaje shida su kai ka 120. Sikelin tsaye da na kwance ba dole su zo ɗaya ba, amma kowanne ya tafi da taki ɗaya daga farko har ƙarshe. Kuskuren da ake yawan gani shi ne ɗalibi ya jera lambobin jadawalinsa a kan layi da tazara iri ɗaya, 1.61, 2.42, 3.22, ko da bambancinsu ba ɗaya ba ne. Wannan yana miƙar da kowane irin lanƙwasa, giraf ɗin ya tashi ba shi da amfani.

Farawa daga sifili ya danganta. Idan za a nemi mahaɗa, wato inda layin giraf ya yanki layin tsaye, ko an ce a fara daga tushe, dole ne. Idan lambobinka tsakanin 80 da 95 suke kuma gangara kawai ake nema, fara daga 75 ya fi, domin ɗigogin su sami sarari. Giraf na sanduna kuwa kullum daga sifili yake farawa. In ba haka ba sandar 52 za ta iya ninka ta 50 tsayi a ido.

Me ake nufi da layi mafi dacewa, kuma me ya sa ba a haɗa ɗigogin kawai?

Kowane ɗigo yana ɗauke da ɗan kuskurensa. Idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da rula, kuskuren kake zanawa. Layi mafi dacewa layi ne guda da ke ratsa tsakiyarsu, waɗanda ke samansa da waɗanda ke ƙasansa su yi kusan daidai a yawa da nisa. Ba dole ya taɓa ɗigon farko ko na ƙarshe ba, kuma ba a tilasta masa bi ta sifili. Ka lura kuma da yadda suka rabu: idan na tsakiya duk suna sama, na gefe biyu suna ƙasa, bayananka lanƙwasa suke nunawa, sai ka duba amsar da ke kan giraf mai lanƙwasa.

Ka yi amfani da fensir mai tsini da rula mai gani-har-hanji ta 30 cm, domin ka ga ɗigogin da ke ƙarƙashinta. Alamar ɗigo ƙaramin × ce ko ɗigo a cikin da'ira, kada ta fi ƙaramin gida girma. Ja ɗaya ake yi. Layi mai kauri ko mai biyu-biyu yana ɓata karatun gangara.

Yaya ake lissafin gangara da mahaɗa, kuma me suke gaya mini?

Ka zaɓi wurare biyu a kan layin da ka ja, masu nisa da juna, aƙalla rabin tsawon layin. A kan layin za ka karanta su, kada ka ɗauko daga jadawali, in ba haka ba ka watsar da amfanin layin. Ka zana babbar alwatika, ka raba canjin tsaye da canjin kwance. A misalinmu, a L = 30 cm layin yana kan 1.21, a L = 110 cm yana kan 4.44. Gangara ita ce 3.23 ÷ 80 = 0.0404 s²/cm, wato 4.04 s²/m. Tunda T² = 4π²L/g, inda g shi ne ƙaruwar gudun abu mai faɗuwa saboda jan ƙasa, to g = 4π² ÷ gangara = 39.48 ÷ 4.04 = 9.77 m/s². Wanda ya manta bai mayar da santimita mita ba zai sami 977, ya rasa inda matsalar take. Gangara tana da ma'auni, a rubuta shi.

Mahaɗa ita ce inda layin ya yanki layin tsaye, kuma ana karanta ta kai tsaye ne kawai idan layin kwance ya fara daga sifili. A lilo ya kamata ta zama sifili. Idan ta fito sama da sifili, mai yiwuwa duk tsawon da ka auna ya gaza da adadi ɗaya, kamar wanda ya tsaya a saman dunƙule. Abin sha'awa a nan shi ne gangarar ba ta canza ba, saboda duk ɗigogin sun matsa tare. Shi ya sa g da aka samo daga giraf ya fi wanda aka lissafo daga awo ɗaya inganci.

Giraf ɗina ya lanƙwashe. Na yi kuskure ne?

Sau da yawa a'a. Idan ka zana T da L kai tsaye lanƙwasa za ka samu, domin T yana bin tushen murabba'in L ne. Shi ya sa ake zana T². A dokar Boyle, matsi da girman iska (V) suna ba da lanƙwasa, amma matsi da 1/V suna ba da miƙaƙƙen layi. Ƙwayoyin bakteriya da ke ninkuwa suna miƙewa idan aka ɗauki log na yawansu. Ka duba dabarar lissafin, ka juya ta ta zama siffar y = mx + c, ka ga abin da ya zauna a gurbin y da na x.

Wata lanƙwasar kuma ita ce sakamakon. Sifirin yana bin dokar Hooke har zuwa wani nauyi, daga nan ya kauce. Ƙwan fitila mai zaren ƙarfe ba ya ba da miƙaƙƙen layin bolt da amfiya, saboda zaren na ƙara turjiya yayin da yake zafi. A irin wannan ka ja lanƙwasa mai santsi da hannu, ja ɗaya, ka nuna inda kaucewar ta fara.

Mene ne 'yan sandunan da ake sawa a kan ɗigogi, kuma yaya zan san bambanci tsakanin rukuni biyu na gaske ne?

Shakkun awo suke nunawa: ɗan layi sama da ƙasan ɗigo, tsawonsa gwargwadon shakkun. Ka rubuta a ƙarƙashin giraf abin da suke wakilta, rabin tazara ne, s ne, ko shakkun matsakaici (an bambance su a amsar warwatsuwa). Da su ake samun shakkun gangara: ka ja layi mafi tsayuwa da mafi kwanciya waɗanda duka suka ratsa sandunan, rabin bambancin gangararsu shi ne shakkun.

Wajen kwatanta rukuni biyu, idan sandunan shakkun matsakaici sun shiga juna, ba ka da hujjar cewa akwai bambanci. Idan ba su shiga ba, alama ce mai kyau amma ba ta yanke hukunci. Gwajin t, wanda William Gosset ya wallafa a 1908, shi ke ba da lambar p. Idan p ta gaza 0.05, ma'anarta ita ce da a ce babu wani bambanci na gaske, samun irin wannan tazara ko fiye zai faru ƙasa da sau 5 cikin 100. Ba ta ce bambancin babba ne ko mai amfani ga manomi ba. Wannan sai ka dubi santimita nawa ne.

Zan iya yin duka wannan a Excel ko Google Sheets?

Ƙwarai, har a waya. Kowane abu da layinsa na tsaye, kowane awo da layinsa na kwance, lamba zalla a gurbi, idan ka rubuta "25.4s" manhajar za ta ɗauke shi rubutu ta tsallake shi. AVERAGE, MEDIAN, STDEV.S, SLOPE da INTERCEPT suna yin lissafin da aka bayyana a sama. Wajen giraf ka zaɓi Scatter. A Excel, zaɓin Line yana jera lambobin kwance da tazara ɗaya, ko 10, 20, 50, 100 ne, kuskuren nan dai da aka ambata a amsar sikeli. Ka ajiye ɗanyen awo a shafi guda da ba a taɓawa, ka yi lissafi a kwafi. Masu musayar fayil tsakanin Najeriya da Nijar su kula: kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take sawa a gurbin ɗigo, 25,4 maimakon 25.4.

Manhaja tana canza abu ba tare da ta tambaya ba. Excel ya daɗe yana mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin su SEPT1 da MARCH1 kwanan wata, har a 2020 aka sake wa ƙwayoyin suna. A shekarar dai, hukumar lafiya ta Ingila ta rasa sakamakon masu korona kusan 16,000 daga ƙididdiga na 'yan kwanaki, saboda tsohon tsarin fayil na XLS ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536.

Kada kuma lambar R², wadda manhaja ke bayarwa don nuna yadda layi ya dace da ɗigogi, ta hana ka duban ɗigogin da idonka. A 1973 Francis Anscombe ya haɗa rukunin bayanai huɗu, kowanne ɗigo 11, masu matsakaici ɗaya da layi ɗaya, y = 3 + 0.5x. Da aka zana su, ɗaya ne kawai ya dace da layin: na biyu lanƙwasa ne, na uku ɗigo ɗaya ne ya karkatar da shi, na huɗu kuma duk ɗigoginsa a tsaye suke wuri guda ban da ɗaya.

Abu biyu suna hawa tare a giraf. Ɗaya ne ke jawo ɗayan?

Giraf kaɗai ba ya tabbatar da haka. A ƙasar Hausa cinikin ruwan sanyi da ciwon sanƙarau duka suna ƙaruwa a bazara, amma yanayin ne ke bayansu duka biyun. Ana iya maganar sanadi ne idan kai ka canza abu ɗaya ka tsayar da sauran, kamar yadda aka bayyana a amsar farko.

Sakamakona bai yi daidai da na littafi ba. Me zan rubuta?

Abin da ka samu. Sannan ka lissafa tazarar: idan ka sami g = 9.4 littafi kuma ya ce 9.8, bambancin 0.4 ÷ 9.8 ne, kusan kashi 4 cikin ɗari. Ka kwatanta da shakkunka. 9.4 ± 0.5 ya yi daidai da littafi, 9.4 ± 0.1 bai yi ba, kuma yana nuna akwai kuskure mai ja gefe ɗaya da ya kamata a nemo. Gyara lambobi don su faɗa kan layi ha'inci ne, kuma gogaggen malami yakan gane, domin awon hannu ba ya zuwa ba tare da 'yar warwatsuwa ba.

Wani lokaci lambar littafin ce ba ta wurinka ba. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya g kusan 9.78 ne. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, don haka ma'aunin zafin da ya nuna haka lafiyarsa ƙalau. Wajen rubuta dalilan kuskure, "kuskuren ɗan Adam" ba ya samun maki. Ka ambaci abin takamaimai da gefen da ya ja sakamakon: zaren ya zame a maƙalinsa tsawon ya ƙaru, dunƙulen yana zagaye maimakon kai da kawowa a layi ɗaya, ko an kaɗa shi fiye da digiri 10 lokacin ya ɗan ƙaru. Kowane dalili ka biyo shi da gyaran da za a yi idan an sake gwajin, misali matse zaren tsakanin tsagaggen toto biyu, ko sa alama a tsakiyar lilon a riƙa ƙirga daga nan.